Tambayoyi da amsoshi kan ƙera harsunan shirya manhaja masu tabbatacciyar ma'ana don kwamfutocin da ke aiki tare daga nesa

Waɗannan tambayoyi suna yawan tasowa idan aka zauna da ɗaliban kimiyyar kwamfuta ko masu rubuta manhaja ana maganar yadda ake ƙera harshe domin na'urori masu yawa da ke aiki ɗaya alhali kowace tana wani wuri dabam. An amsa su ba tare da alamomin lissafi ba, ko da yake lissafin shi ne ƙashin bayan al'amarin.

Me ake nufi da warwatsattsen tsarin kwamfutoci, kuma me ya sa ake ƙara cewa mai sauyawa ne?

Ana nufin aiki guda da aka raba wa kwamfutoci da yawa, waɗanda ba su da ma'ajiyar bayanai ɗaya, ba su da agogo ɗaya, kuma babu yadda ɗaya za ta san halin da 'yar'uwarta take ciki sai ta saƙon da ya ratso layin sadarwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a bakin kasuwa ya ga irin wannan tsari da idonsa. An saka kati, an danna lambar sirri, na'urar ta daɗe tana jira, sannan ta fitar da 'yar takarda cewa cinikin bai yiwu ba, amma kafin mutum ya mayar da katin aljihu sai ga saƙon banki a waya cewa an cire kuɗin. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, bankin ma haka. Aƙalla kwamfutoci uku ne a cikin lamarin, wato wadda ke hannun mai POS, da ta kamfanin da ke sada bankuna, da ta bankin mai katin, kuma amsar da bankin ya aiko ta ɓace ko ta makara a hanya, sai kowace ta rubuta abin da ta gani daga inda take tsaye. Leslie Lamport, wanda ya samu lambar yabo ta Turing ta 2013 saboda aikinsa a wannan fanni, ya taɓa siffanta irin wannan tsari da cewa shi ne wanda lalacewar wata kwamfuta da ba ka ma san da zamanta ba take hana taka aiki.

Batun sauyawa kuwa yana nufin cewa ba a san mahalarta ba a lokacin da ake rubuta manhajar. Na'urori suna shiga suna fita, wayar hannu tana barin wannan turken sadarwa ta koma wancan, kamfani yana ƙara sabar, wato kwamfutocin da ke amsa buƙatun sauran na'urori, da rana ya rage su da dare, kuma ita kanta manhajar ana sabunta ta tana cikin aiki, har ya zama tsohon zubinta da sabon suna musayar saƙo da juna na wani lokaci.

Me ake nufi da cewa an fayyace ma'anar harshe da lissafi?

Kowane harshen shirya manhaja yana da nahawu, wato dokokin da ke nuna wane rubutu ne ya halatta, yana kuma da ma'ana, wato abin da zai faru idan aka gudanar da rubutun. Nahawun kusan dukkan harsuna an daɗe ana rubuta shi da ƙa'idoji tsayayyu. Ma'anar ce galibi ake barin ta cikin dogon bayani na Turanci, kuma bayanin baka, kome ƙwarewar mai shi, yana barin gurbi inda mutum biyu za su karanta jimla ɗaya su fahimci abu biyu. Harshen Java ya ɗanɗana haka: babin da ya yi bayanin yadda ayyuka masu gudana a lokaci guda ke ganin ma'ajiya ɗaya ya fito da lahani, William Pugh na Jami'ar Maryland ya nuna hakan a 1999, kuma sai a 2004 aka maye gurbin babin da sabo.

Fayyace ma'ana da lissafi shi ne a rubuta 'yan ƙa'idoji da ke cewa idan tsari yana cikin hali kaza, to an yarda ya ɗauki mataki zuwa hali kaza, kuma duk matakin da ƙa'idojin ba su ambata ba haramtacce ne. Wannan salo ya kafu ne da darussan da Gordon Plotkin ya rubuta a Jami'ar Aarhus ta Denmak a 1981. Ga misalin ƙa'ida ɗaya da kalmomi: idan ma'aikaci na farko, wato wani ɓangaren manhaja mai gudana da kansa, yana shirin aika lamba ta wata kafa, wato hanyar da saƙo ke bi, na biyu kuma yana jiran saƙo a wannan kafar, to su biyun za su iya matsawa gaba, na biyun yana riƙe da lambar. Da zarar an rubuta wannan sai tambayoyi su taso waɗanda dole mai ƙera harshen ya amsa da bakinsa. Mai aikawa zai tsaya jira ne har a karɓa, ko zai wuce abinsa? Idan masu jira biyu ne, wa zai samu? Akwai wata ƙa'ida da ta yarda saƙon ya salwanta? Amfanin aikin ke nan a ganina, domin lissafin yana tilasta wa mutum yanke hukunci a kan abin da bayanin baka zai bar shi ya tsallake.

Harshen Standard ML shi ne sanannen misalin cikakken harshe da aka yi wa haka, a aikin da Robin Milner da Mads Tofte da Robert Harper suka wallafa a 1990.

Harsunan da ake da su ba su isa ba ne? Ai da Java da Python ake rubuta yawancin irin waɗannan manhajoji.

Da su ake rubutawa, kuma suna aiki, amma ma'anarsu ta tsaya a bakin kwamfuta ɗaya. Abin da ke faruwa tsakanin na'ura da na'ura an bar shi a hannun shiryayyun lambobin taimako da ake haɗawa da manhaja da kuma tunanin mai rubutu. An yi ƙoƙarin rufe wannan giɓi ta hanyar sa kiran aiki a kwamfuta ta nesa ya yi kama da kiran aiki na cikin gida, dabarar da Andrew Birrell da Bruce Nelson na cibiyar Xerox PARC suka bayyana a 1984. Bayan shekara goma, Jim Waldo da abokan aikinsa a kamfanin Sun Microsystems suka yi gargaɗin cewa wannan kamanni yaudara ce. Kiran cikin gida ƙarshensa biyu ne, ko ya yi ko bai yi ba. Kiran nesa yana da ƙarshe na uku, wato shiru, kuma mai kira ba zai iya bambance ko buƙatarsa ce ba ta isa ba, ko ta isa an aiwatar amsar ce ta ɓace. Wannan shirun shi ne ainihin abin da ya faru a gaban mai POS. Harshen da bai tanadi wuri ga ƙarshe na uku ba yana koya wa mai rubutu ya manta da shi.

Akwai kuma iyakokin da lissafi ya tabbatar, waɗanda babu harshen da zai ƙetare su. A 1985 Michael Fischer da Nancy Lynch da Michael Paterson suka nuna cewa idan babu iyaka ga jinkirin saƙo, kuma na'ura ko da ɗaya ce tana iya mutuwa, to babu wani tsayayyen tsarin matakai da zai ba da tabbacin cewa sauran za su cimma matsaya ɗaya a kowane hali. Dalilin shi ne ba a iya bambance matacciyar na'ura da mai nawa. Haka nan hasashen da Eric Brewer ya gabatar a 2000, wanda Seth Gilbert da Nancy Lynch suka tabbatar a 2002, ya nuna cewa idan layin sadarwa ya tsinke, dole tsari ya zaɓa tsakanin ci gaba da amsawa da kuma tabbatar da cewa kowa yana ganin bayani iri ɗaya. Harshen kirki yana sa a rubuta wannan zaɓi a fili.

Daga ina masu ƙera irin waɗannan harsuna suke farawa?

Yawanci daga ɗan ƙaramin harshe na gwaji mai kalmomi kaɗan, wanda ba a yi shi don rubuta manhajar kasuwa ba sai don a iya hujja a kansa. Tony Hoare ya gabatar da CSP a 1978, Robin Milner ya fitar da CCS a 1980, kuma dukansu sun ɗauki sadarwa tsakanin ma'aikata a matsayin tubali na farko. Daga CSP ne harshen occam na kamfanin Inmos ya fito a farkon shekarun 1980, kuma kafofin saƙo na harshen Go, wanda Google ya fitar a 2009, daga wannan zuriya suke. Sai dai a waɗannan tsare-tsare na farko, wanda ke magana da wa abu ne da aka ƙayyade tun daga rubutu, don haka ba su iya siffanta tsarin da surarsa ke sauyawa.

Abin da ya warware wannan shi ne wani ƙaramin harshen gwaji mai suna lissafin pi, wanda Milner da Joachim Parrow da David Walker suka wallafa a 1992. Dabararsa ƙarama ce ƙwarai: an yarda a aika sunan kafa ta cikin wata kafa. A kwatanta da dillalin gidaje. Mai neman haya bai san mai gida ba, dillali kaɗai ya sani. Ranar da dillalin ya ba shi lambar wayar mai gidan, sabuwar hanyar magana ta buɗe tsakanin mutum biyu da a da babu abin da ya haɗa su, kuma daga nan suna iya yin ciniki ba da sanin dillalin ba. Lissafin pi ya ƙara da ikon ƙirƙirar sabon suna wanda babu wanda ya san shi sai mai ƙirƙirarsa da waɗanda ya miƙa wa, kuma da waɗannan abubuwa biyu ana iya siffanta yadda kiran waya ke komawa daga turke zuwa turke, wanda shi ne misalin da Milner kansa yake yawan koyarwa da shi.

Akwai wata zuriya dabam, ta 'yan aike, wadda Carl Hewitt da abokan aikinsa suka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1973, Gul Agha kuma ya daidaita ta a 1986. A nan kowane ma'aikaci yana da akwatin saƙo nasa da adireshinsa, yana karɓar saƙo ɗaya bayan ɗaya, yana iya haifar da sababbin ma'aikata, kuma mai aika masa saƙo ba ya tsayawa jira. Luca Cardelli da Andrew Gordon kuma a 1998 sun kawo lissafin da ya ɗauki wuri da kan iyaka a matsayin tubali, inda manhaja ke shiga wani yanki ko ta fita sai da izini, kamar matafiyi a shingen kwastam.

To me ya hana a ɗauki lissafin pi kawai a mayar da shi harshen aiki?

An gwada. Benjamin Pierce da David Turner sun gina harshen Pict a kansa, amma a kwamfuta ɗaya yake gudana. Matsalar tana fitowa ne idan aka zo rarraba shi. A lissafin pi na asali, ma'aikaci yana iya cewa zai aika ta wannan kafa ko ya karɓa ta waccan, duk wadda ta fara samuwa. A takarda mataki ɗaya ne. A kan na'urori na gaske kuwa, yanke wannan hukunci yana buƙatar ɓangarori da ke nesa da juna su yi ittifaƙi, wanda shi ne abin da aka riga aka nuna wahalarsa. Catuscia Palamidessi ta tabbatar a 1997 cewa wannan irin zaɓi ya fi ƙarfin abin da za a iya kwaikwaya da aika saƙo marar jira a ƙarƙashin wasu sharuɗɗa masu ma'ana.

Don haka Cédric Fournet da Georges Gonthier na cibiyar INRIA ta Faransa suka sake zubin a 1996, suka sa kowace kafa ta kasance tana da gida ɗaya inda ake karɓar saƙonninta, ta yadda duk wani hukunci a wuri ɗaya ake yanke shi. Daga aikinsu harshen JoCaml ya fito. Abin da masu ƙira suka ɗauka daga wannan shi ne su riƙa tambayar kowace ƙa'ida: na'ura nawa ne za su haɗa baki kafin wannan matakin ya yiwu? Idan sun wuce ɗaya, to ƙa'idar tana ɓoye tsada.

Yaya harshe yake bi da mutuwar na'ura?

Da farko mai ƙira zai faɗi irin lalacewar da ya yarda tana faruwa. Na'ura tana iya mutuwa ta yi shiru har abada, tana iya mutuwa ta farfaɗo ta manta abin da take ciki, tana kuma iya ci gaba da magana tana faɗa wa wannan abu ɗaya tana faɗa wa wancan wani. Wannan na ƙarshe shi ne mafi tsada, domin Lamport da Robert Shostak da Marshall Pease sun nuna a 1982 cewa idan ba a sa hannu na sirri a saƙonni ba, jure wa maƙaryaciya ɗaya yana buƙatar na'ura huɗu, biyu kuma yana buƙatar bakwai.

A aikace, harshen da ya fi shahara a wannan fage shi ne Erlang, wanda Joe Armstrong da Robert Virding da Mike Williams suka fara a kamfanin Ericsson na Suwidin a 1986 domin na'urorin musayar kiran tarho, aka buɗe shi ga kowa a 1998, kuma da shi aka gina sabar WhatsApp. A Erlang ma'aikata ba su tarayya a ma'ajiya ko kaɗan. Ma'aikaci yana iya ɗaura kansa da wani ko ya sa masa ido, ta yadda idan wancan ya mutu, ko hanyar zuwa na'urarsa ta yanke, labarin zai iso masa a matsayin saƙo kamar kowane saƙo. A kan haka aka gina tsarin masu sa ido hawa-hawa, inda aikin wani ma'aikaci kawai shi ne ya tayar da waɗanda ke ƙarƙashinsa idan sun faɗi. Maimakon a cika manhaja da ƙoƙarin gyara kowane kuskure a inda ya auku, sai a bar mai kuskuren ya mutu a tayar da sabo daga tsaftataccen hali.

Ya kamata a faɗi cewa Erlang ba da lissafi aka haife shi ba, injiniyoyi ne suka gina shi daga gwaji, masu bincike suka rubuta ma'anarsa daga baya. Da suka zo yin haka sai suka ga cewa ƙa'idojin da suka dace da na'ura ɗaya ba su kama halin na'urori da yawa ba. Tabbacin da harshen ya bayar shi ne saƙonnin da ma'aikaci ɗaya ya aika wa wani ɗaya idan sun isa, za su isa ne bisa jerinsu, amma bai yi alkawarin kome ba game da jerin saƙonnin da suka fito daga wurare dabam-dabam.

Sabunta manhaja tana cikin aiki ba aikin masu kula da sabar ba ne? Me ya haɗa shi da harshe?

Abin da ya sami kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ranar 1 ga Agusta 2012 ya isa amsa. An ɗora sabuwar manhaja a kan sabar bakwai cikin takwas, aka tsallake ɗaya bisa kuskure. Sabuwar manhajar ta sake amfani da wata alama da a da take kunna wani tsohon aiki da aka daina amfani da shi shekaru da suka wuce, amma ba a goge shi ba. Da kasuwa ta buɗe, sabar bakwai suka fahimci alamar da sabuwar ma'anarta, ta takwas ta fahimce ta da tsohuwar, ta shiga aika odar saye da sayarwa babu ƙaƙƙautawa. Cikin kimanin minti 45 kamfanin ya yi asarar fiye da dala miliyan 400. Kowace sabar ta yi daidai abin da rubutunta ya ce. Ɓarnar ta fito ne daga zubi biyu na manhaja ɗaya da suka karanta saƙo ɗaya da ma'ana biyu, kuma babu wani abu a harshen da aka yi aiki da shi da ya san cewa akwai zubi biyu.

Erlang ya sa wannan a cikin harshen kansa. Kowane kundin lambobi yana iya zama da zubi biyu a lokaci guda, na yanzu da tsoho. Ma'aikacin da ke cikin tsohon yana ci gaba har ya yi kira da cikakken sunan kundin, a nan ne yake tsallakawa zuwa sabon, kuma akwai wurin da aka tanada don juya bayanan da yake riƙe da su zuwa sabuwar sura. Idan aka ɗora zubi na uku, ana share mafi tsufa, duk ma'aikacin da ya rage a cikinsa kuma a kashe shi.

Masu bincike sun kai abin gaba. Peter Sewell da abokan aikinsa a Jami'ar Kembrij da INRIA sun ƙera harshen gwaji na Acute don amsa tambayar yaushe ne nau'in bayani a wannan manhaja yake daidai da mai irin sunansa a waccan, alhali an harhaɗa su, wato an juya rubutunsu zuwa abin da na'ura ke gudanarwa, a lokuta dabam-dabam. A Jami'ar Oslo ta Norwe, Einar Broch Johnsen da Olaf Owe sun yi harshen Creol, wanda aka rubuta ma'anarsa a Maude, wani harshen rubuta ƙa'idoji, don a iya gudanar da ita kai tsaye, kuma ya yarda a sabunta sassan manhaja alhali tsarin yana tafiya.

Mene ne nau'in zance, kuma wace matsala yake magancewa?

Nau'i na yau da kullum yana cewa wannan lamba ce, wancan rubutu ne, kuma manhajar harhaɗawa tana ƙin wanda ya gauraya su. Nau'in zance, wanda Kohei Honda ya fara a 1993, yana siffanta dukkan tattaunawa: mai saye zai aika sunan kaya, ya karɓi farashi, sannan ya zaɓi ko ya amince ya aika adireshi ko ya fasa. Dole nau'in mai sayarwa ya zama kishiyar wannan daidai wa daida, inda wancan ya aika shi ya karɓa. Idan mai rubutu ya manta da reshen fasawa, ko ya sa ɓangarorin biyu kowane yana jiran ɗaya ya fara magana har su yi cirko-cirko, manhajar harhaɗawa za ta ƙi rubutun tun kafin a gudanar da shi.

A 2008 Honda da Nobuko Yoshida da Marco Carbone suka faɗaɗa wannan zuwa mahalarta da yawa. Ana rubuta yarjejeniyar gaba ɗaya sau ɗaya, a ce mai saye da mai sayarwa da banki, sannan a ciro wa kowane ɓangare rabonsa ta hanyar lissafi. Fabrizio Montesi ya ƙara taki ɗaya, inda ake rubuta manhajar kanta daga mahangar gaba ɗaya a bar na'ura ta fitar da lambobin kowane ɓangare. Raunin wannan hanya a zubinta na farko shi ne ta ɗauka cewa saƙo ba ya ɓacewa kuma babu mai mutuwa a tsakiyar zance, wato ta kawar da kai daga ainihin abin da ke damun mai POS. Shigar da lalacewa cikin nau'in zance aiki ne da har yanzu ake kansa.

Idan an tabbatar da tsari da hujjar lissafi, yana nufin babu kuskure a cikinsa?

A'a. Hujja tana cewa idan zato kaza da kaza gaskiya ne, to sakamako kaza zai tabbata, kuma kuskure yana komawa ya ɓuya a cikin zaton. A 2017 Pedro Fonseca da abokan aikinsa a Jami'ar Washington suka binciki warwatsattsun tsare-tsare uku da aka tabbatar da hujja, wato IronFleet da Verdi da Chapar, suka samu kurakurai 16. Babu ko ɗaya a cikin ƙa'idojin sadarwar da aka yi wa hujja. Sun fito ne daga gefuna, musamman inda lambobin da aka tabbatar suka haɗu da manhajar da ke tafiyar da na'ura, da inda aka ɗauka cewa layin sadarwa yana da wani hali da ba shi da shi.

Ana iya karanta wannan sakamako a matsayin suka, amma ni ina ganinsa shaida ce ta nasara, domin wurin da kuskure zai iya zama ya ƙuntata ƙwarai, kuma an san inda za a sa ido. A kwatanta da Chord, sanannen tsarin raba bayanai tsakanin na'urori masu shiga da fita da aka wallafa daga MIT a 2001, wanda aka yi shekaru ana koyar da shi kafin Pamela Zave ta kamfanin AT&T ta siffanta shi da Alloy, wani harshen bincikar zanen tsari, ta nuna cewa akwai jerin shiga da mutuwar na'urori da ke karya zoben da na'urorin ke jeruwa a cikinsa, wanda aka ce yana gyara kansa.

Mene ne bambancin wannan da TLA+ da ake cewa Amazon na amfani da shi?

TLA+, wanda Lamport ya ƙera, harshen siffanta tsari ne, ba a gudanar da kasuwanci da shi. Ana rubuta zanen tsarin a taƙaice, sai wata manhaja ta bi duk jerin matakan da za su iya faruwa tana neman wanda ya karya sharaɗi. Injiniyoyin Amazon sun fara amfani da shi a 2011, kuma sun ba da rahoton cewa ya gano musu wani kuskure a zanen DynamoDB, rumbun adana bayanai na kamfanin, wanda mafi gajeriyar hanyar kaiwa gare shi mataki 35 ce, abin da bitar ƙwararru da gwaje-gwaje suka tsallake. Iyakar wannan hanya ita ce yawan halaye: ma'aikata goma masu hali goma-goma suna iya ba da haɗuwa biliyan goma, don haka da ƙananan misalai ake bincike. Sannan bayan an tabbatar da zanen, mutum ne zai zauna ya rubuta manhajar da wani harshe, kuma a nan sabon kuskure yake shigowa.

Burin harshen aiki mai tabbatacciyar ma'ana shi ne abin da aka bincika ya zama shi ne abin da ke gudana. Harshen P na Microsoft misali ne, domin ana siffanta tsari da shi, a bincika, a kuma fitar da lambobi daga gare shi, kuma da shi aka rubuta wani sashe na manhajar USB ta Windows 8.

Akwai harshen da jama'a ke amfani da shi wanda aka fayyace ma'anarsa tun daga farko?

Akwai WebAssembly, wanda injiniyoyin Google da Mozilla da Microsoft da Apple suka gabatar a 2017 domin lambobin da ake saukowa daga nesa a gudanar a burauza. Ƙa'idojin lissafinsa suna cikin takardar mizaninsa. Saboda haka ne Conrad Watt na Kembrij ya iya shigar da su cikin manhajar hujja ta Isabelle, ya gano kurakurai a daftarin, aka gyara kafin W3C, hukumar da ke tsara mizanin yanar gizo, ta amince da shi a Disamba 2019.

Ɗalibin da ke son shiga wannan fanni daga ina zai fara?

Ba a buƙatar babbar na'ura, kwamfutar cinya ta isa, kuma kusan dukkan kayan aikin kyauta ne. Abin da ake buƙata shi ne mantiƙi, da lissafin rukunonin abubuwa, da iya hujja ta hawa-hawa. Bayan haka sai harshe ɗaya daga zuriyar ML, kamar OCaml, da kuma Erlang ko Elixir domin hannu ya saba da ma'aikata da saƙonni. Don rubuta ma'anar da za a iya gudanarwa akwai PLT Redex da Maude da tsarin K na Grigore Roșu, don hujja kuma akwai Isabelle da Coq, wanda yanzu ake kira Rocq.

Aikin gwaji na farko da nake ba da shawara shi ne ɗalibi ya ƙera harshe mai umarni huɗu kawai, aika da karɓa da jira na ƙayyadadden lokaci da rubuta wa ma'ajiya, ya rubuta ƙa'idojin matakansa, sannan ya siffanta cinikin POS da ma'aikata uku. Da farko kada ya sa ƙa'idar ɓacewar saƙo, zai ga kome yana tafiya daidai. Sai ya ƙara ƙa'ida ɗaya da ta yarda kowane saƙo ya salwanta, ya nemi jerin matakan da ke kaiwa ga an cire kuɗi na'ura kuma ta ce bai yiwu ba. Idan ya gyara ta hanyar sa na'urar ta sake aika buƙata, zai tarar da sabon jeri inda aka cire kuɗin sau biyu, kuma daga nan zai ga dalilin da ya sa dole kowane ciniki ya ɗauki lambar shaida tasa wadda bankin zai riƙa tunawa da ita, tare da saƙon mayar da kuɗi wanda shi ma yana iya ɓacewa a hanya.